Salka Cikin Leda

"Lale da maigida! Kai ne kake jan ƙafa haka, ko musanya mini kai aka yi a dawa?"

"Ni ne, Amarya. Kaif halik? Ya gida?"

Hajiya Fatna ce zaune a tsakar gidanta da ke unguwar Sih a Madina, jikanta Walid kuwa ya zube gabanta kamar buhun gero. Kwana uku suka yi shi da abokansa suna taka duwatsun hanyar Badar, wai shan iska. Amma ba gajiya ce ta dame shi ba. Salka ce ta fatar akuya, wadda mahaifin tsohuwar, Malam Rabo, ya ratayo tun daga Damagaram har Madina a ƙasa. Duk shekara sai ta shafe ta da man shanu. Da ƙyar ta ara masa, ga shi ya dawo bai ma san me ya same ta ba.

"Duk motocin garin nan, sai da ka je neman wahala da ƙafarka?"

"Motsa jiki ne, ya jadda," in ji shi, yana kiranta kaka da Larabci.

"Ai kuwa ya motsu. Zazzage kayan in gani. Wannan takalmin na wane soja ne?"

"Na hawan dutse ne, ɗan Italiya."

"Shi ya yi maka wannan bororon?"

"Shi ne. Rana ta biyu silifas na koma."

"Wannan abu mai ƙafa uku fa?"

"Risho ne na gas. Gas ɗin na manta a mota."

"Tantin da ka cika mana kunne da shi?"

"Iska ta ɗauke. Ina jin ya kai Yanbu yanzu."

"Miji ba ɗaki, ba wuta, ba ƙafa! Ni dai an cuce ni a auren nan. Sake ni in huta."

"Wa zai kwashe ki? Haƙora biyu suka rage miki, su ma ba sa ga maciji."

"Ja'iri! Ina salkata?"

Walid ya jawo kayansa. Ya lalubo wani ƙunshi daga ƙasan jaka, baƙar leda ce an naɗe ta da salatif tamau.

"Wallahi ban gane mata ba. Ina cika ta, sai bayanta ya jiƙe sharkaf. Na nemi huda, babu. Abdussamad abokina injiniya ne, ya haska ta da tocila, babu. Ba huda, amma tana yoyo, yani ta ko'ina! Sai na shafe ta da gam ɗin facin taya, na naɗe."

"Yoyon ya tsaya?"

"Cak. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Da tana yoyo, ruwan sanyi ƙarara. Da na gyara ta, ya koma kamar shayi, ga wari. Ta yaya gyara zai ɓata abu?"

Tsohuwa ta dafe kai. "Innalillahi! Ba yoyo ba ne, gumi ne! Da gumin take sanyaya ruwa in iska ta buge ta. Ka toshe mata numfashi kwana uku a ranar Hijaz!"

"Gumi? Akuyar da aka yanka shekara sittin da wani abu?"

Tsohuwa ta karɓi ƙunshin. Ta shiga ɓare salatif a hankali, fatar kuwa ta biyo shi, tana yagewa kamar jiƙaƙƙen burodi. Wasa ya tsaya. Kunya da baƙin ciki suka rufe Walid, har Hausar ta gudu daga bakinsa, sai da Larabci ya nemi gafara.

"Samihini, ya jadda."

"A bakin salkar nan na sha ruwa a Sawakin, ina 'yar shekara biyar, muna jiran jirgin ruwa," in ji ta, tana shafa yagaggiyar fatar. Can sai dariya ta kufce mata, tana goge ido da gefen mayafi. "Hamada ba ta kashe ta ba, teku bai kashe ta ba, sai mai digiri! Laifina ne. Na ba ka kaya ban koya maka ba, na ɗauka jini zai gaya maka."

Ta sa wuƙa ta yanke igiyar ratayar, wadda Malam Rabo ya tufka da hannunsa, ta damƙa masa.

"Ungo, ɗaura wa gorar robar nan taka. Ita dai ba ta gumi, ba za ta ruɗa ka ba."