Akwatin Malam Sabitu

Wani mutum ne a kamfaninmu na buhu a Sharaɗa, wanda bakinsa ya fi injin kamfanin ƙara. To, mu bar noƙe-noƙe, ni ne, Sabitu.

Da manaja, Alhaji Mamuda, ya ce za a kafa kwamitin ko-ta-kwana saboda gobara, ni na fara miƙewa. Na bugi ƙirji na ce na taɓa kashe wutar tankar mai da bargo ɗaya. Alhali tankar ma daga nesa na hango ta, ina gudu. Nan take aka ba ni shugabanci, da jar hula, da farin akwatin taimakon gaggawa.

Mu kuwa al'adarmu, da rana kowa ya kawo kwanonsa a ci tare. Maiɗakina gwana ce wajen dambun nama, amma kafin in kai loma biyu, Tanimu direba ya share kwano tas. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Sai na sanar cewa likita ya hana ni nama da yaji saboda olsa. Na kwashe auduga da bandeji da aidin na kai gida, na sa kwanon dambuna a akwatin, na danna kwaɗo, na rataya mukulli a wuya. Kullum bayan azahar sai in ce zan je duba kayan aiki, in rufo ƙofa.

"Kai, Malam Sabitu akwai riƙon amana," in ji Hajiya Ladidi mai kula da sito.

Ran wata Talata, manaja ya shirya gwajin gobara bai gaya wa kowa ba. Sai jiniya: wiiiii! Ni da na koya wa mutane a fita a natse, ni na fara zurawa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙofar da ake ja ita na tura da goshi. Gwaf! Sai ga ni shame-shame, ƙulu ya taso kamar ƙwan zabo.

"A kawo akwati!" in ji manaja.

Na ji an zare mukulli daga wuyana. Na ce a raina yau asirina ya tonu, gara in suma. Na runtse ido.

Ƙaras, kwaɗo ya buɗe. Sai ƙamshi.

"Ranka ya daɗe, babu auduga," in ji Tanimu. "Amma akwai dambu. Har da yaji."

"Na mai olsar?" in ji Hajiya Ladidi. "To a goshin za mu shafa masa?"

"Ya suma, ba zai iya ci ba," in ji manaja. "Bismillah, jama'a."

Suka zagaye ni. Ina kwance ina jin tauna a kaina, cakam-cakam. Na daure. Na ji an ce a miƙo yaji, na daure. Amma da na ji farcen Tanimu yana kankare gindin kwano, ban san sanda na yi zumbur na zauna ba.

"Haba Tanimu, ka rage mini mana!"

Manaja ya lashe yatsa, ya cire jar hular daga kaina.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Maganin akwatin nan yana aiki. Ko sha bai yi ba ya farfaɗo."