Nomau da Masu Yawon Buɗe Ido

A wani ƙauyen masunta da ke bayan Badagiri, inda gonakin rogo ke gangarowa har su kusa taɓa yashin teku, akwai gidan wani Bakatsine, Malam Barau, da matarsa Tasalla. Cirani ne ya kawo shi tun yana saurayi, ya ga ƙasa ta karɓe shi, ya yi zamansa. Yana da rogo, yana da tumatir da barkono, da 'yan awaki da sa guda, sai kuma itatuwan kwakwa da ya dasa da hannunsa, waɗanda bai haɗa su da komai ba. Na ukunsu a gidan shi ne Nomau, ƙanen Tasalla. Ƙato ne, ya ba talatin baya, ga ƙarfi, ga ladabi, ba shi da ƙyuya ko kaɗan. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Tun da mahaifiyarsu ta rasu Tasalla ta ɗauko shi, don a can gida babu wanda ya rage da zai iya jure masa.

A shekarar nan Barau ya lura mutanen Arewa sun fara zuwa hutun ƙarshen shekara kallon teku, tunda fita ƙasar waje ta gagari mutane da yawa. Sai ya gina bukkoki biyu da ganyen kwakwa a gefen gonarsa, ya share wuri, ya baza labari a tashar mota. Allah ya taimake shi, ya sami baƙin farko: Alhaji Ilu, wani dillalin tayoyi daga Gusau, da matarsa Hajiya Gambo da 'ya'yansu. Kafin su iso ya kira Tasalla gefe, ya ce mata ya sa rai a kan abin nan ƙwarai, kuma in ƙanenta ya kore masa baƙi, to wallahi motar kwakwa mai zuwa Funtuwa Nomau zai bi. Tasalla ta san mijinta ba ya rantsuwar banza. Ta zaunar da Nomau, ta gaya masa cewa waɗannan mutane masu yawon buɗe ido ne, ya kula da su da kyau. Ya ce to, Yaya.

Wata rana, washegarin isowarsu, Alhaji ya ci tuwon rogo da miyar ɗanyen kifi ya yi nak, ya shimfiɗa tabarma a inuwar kwakwa, iskar teku ta kwashe shi da barci. Tasalla tana wanke-wanke ta ji wani irin salati da ba ta taɓa jin babban mutum ya yi ba. Ta yar da kwano ta ruga. Ta tarar da Nomau tsugune a kan Alhaji, ya sa manyan yatsunsa ya ɓare masa fatar ido biyu, Alhaji na ta wutsil-wutsil a ƙarƙashinsa. Ta tambayi Nomau me yake yi.

"Yaya, ke kika ce buɗe ido suka zo yi. Ga shi tun daga Gusau ya taho, ya zo nan ya rufe abinsa."

Tasalla ta zube ƙasa tana ba da haƙuri. Hajiya Gambo kuwa dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa bango, kuma dariyar nan ce ta cece su ran nan, don Alhaji ya ji kunyar tattara kaya matarsa na ƙyaƙyatawa. Amma daga ranar, in zai yi barcin rana sai ya kulle bukka ta ciki.

Wata rana kuma da la'asar baƙin suka yi kwalliya suka jeru a bakin ruwa. Hajiya ta hango Nomau yana dawowa daga yankan ciyawa, ta miƙa masa wayarta ta ce ya ɗauke su, amma ya tabbata teku ta fito a bayansu. Nomau ya karɓi waya da hannu biyu, ya sa a aljihu don kada ta faɗi. Ya sunkuya ya saɓi Alhaji a kafaɗar dama, babbar riga da hula da komai, ya saɓi babban yaron a ta hagu, sannan ya nufo Hajiya yana duban inda zai ɗora ta. Ba ta tsaya yi masa bayani ba, ta kwasa a guje, takalminta ɗaya a yashi. Daga bakin gona Tasalla ta hango Alhaji a sama yana shure-shure, masunta sun bar komarsu sun saki baki. Ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa Nomau ya juya wa teku baya kamar yadda aka ce, yana tambayar Alhaji cikin ladabi ina zai kai su.

Barau ya ji labari, ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona, kuma hakan ya fi tsorata Tasalla a kan faɗa.

Wata rana teku ta tashi da fushi. Masuntan garin suka ce a irin wannan lokaci ruwan na da ja ta ƙasa, mutum yana tsaye iya gwiwa sai ya ji an zare yashi daga ƙarƙashin ƙafarsa. Barau zai fita gona, ya manta da wa yake magana, ya ce wa Nomau ya ja wa yaran nan kunne kada su matsa kusa da ruwa. Ba a jima ba sai ga yara sun shigo suna kuka, kowa riƙe da kunnensa ya yi jawur. Nomau na biye da su, yana so ya ji ko har da Alhaji a ciki, don ya ga shi ma yana yawan matsawa. Wannan karon Hajiya ba ta yi dariya ba. Tasalla ta soya wa yaran kifi, ta dafa musu masara, ta yi ta lallashi har bakinta ya gaji.

Wata rana, ana gobe baƙin za su koma, Barau ya so ya wanke laifin gidansa da kyauta. Ya miƙa wa Nomau adda ya ce ya je ya saro wa Alhaji kwakwa guda, wadda ta fi kowace girma, a sa masa a mota. Yana nufin nono guda, wato curin 'ya'yan kwakwa, kowa ya san haka in ban da mutum ɗaya. Suna zaune suna hira sai suka ji ƙasa ta girgiza, awaki suka tsinke, kaji suka watse. Da suka fito, ga uwar kwakwar gonar kwance, wadda Barau ya fara dasawa shekarar da ya auri Tasalla, ta faɗo ta rushe rabin bukkar da yaran ke kwana. Allah ya sa ba kowa a ciki. Nomau na tsaye yana share gumi, yana auna gangar jikinta da ido, ya ce anya kuwa za ta shiga but ɗin motar, ko a rage mata tsawo.

Barau ya daɗe yana kallon kututturen. Da ya buɗe baki, da Tasalla ya yi magana, ba da Nomau ba.

"Ɗaure masa kayansa. Gobe motar Funtuwa za ta tashi."

Ta bi shi har gona tana roƙo. Ta ce a can wa zai ba shi abinci, wa zai hana yara jifansa, wa zai fassara masa maganar mutane. Barau ya ce ya yi iya haƙurinsa, kuma da wani yaro na cikin bukkar nan da yanzu wani zancen ake yi. Ta san gaskiya ya faɗa. Da hannunta ta ninke rigunan ƙanenta ta ƙulle a zane, tana kuka, shi kuwa yana tambayarta ko idonta ne ke ciwo.

Da gari ya waye aka kai ƙullin kayan bakin titi, aka jefa a kan buhunan kwakwa, direba ya ce da an gama lodi sai tafiya. Nomau ya koma ya ba sa ruwa na ban kwana. A nan Alhaji Ilu ya same shi. Ashe tun a Gusau ya cika wa abokansa na kasuwa baki cewa sai ya yi wanka a teku, ga shi za a koma bai jiƙa ko ƙaurinsa ba, don Hajiya ta kafa ta tsare. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba wanda zai goya masa baya sai wannan ƙaton. Ya rage murya ya ce zai shiga ruwa yanzu kafin a ankara, shi dai Nomau ya ɗaure masa gindi, in Hajiya ta yi magana ya ce ba komai, kullum ana shiga. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya gangara.

Tasalla na taya Hajiya haɗa kaya a ƙofar bukka, sai ta ɗaga kai ta dubi bakin ruwa. Alhaji na cikin ruwa iya cinya. Nomau ya kwance igiyar ɗaure sa mai kauri, ya ɗaure bakinta ɗaya a gindin kwakwa, ya bi Alhaji da ɗaya bakin, ya zagaya masa ita a ƙugu ya ƙulle tamau, irin ƙullin da ake wa dabba mai tsinkewa. Alhaji ya juyo yana zagi, yana ƙoƙarin kwancewa, yana cewa shi za a ɗaure kamar bunsuru a gaban iyalinsa. Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A ranta ta ce shi ke nan, ko da Malam yana da niyyar sassauci, yau ta ƙare.

Alhaji bai gama zagin ba. Ya ba teku baya, don haka bai ga abin da ke tahowa ba. Ruwa ya taso ya fi tsayinsa, ya rufe shi ruf, da ya koma kuwa babu Alhaji a wurin, sai hularsa tana juyi a kan kumfa. Hajiya ta kurma ihu. Tasalla ta ga igiyar ta tashi daga yashi ta miƙe tsaf, har kwakwar na rawa. Nomau ya cafke ta ya kafa dugadugansa, ruwa na ja yana ja. Barau ya yar da fartanya ya rugo ya kama bayansa, masunta biyu suka zo suka ƙara hannu. Can sai ga kan Alhaji ya ɓullo, sannan kafaɗa, suka jawo shi kan yashi kamar buhun gishiri. Wani tsohon masunci ya danna masa ciki, ya yi ta aman ruwa, har ya buɗe ido ya yi tari.

Tsohon ya dubi ruwan, ya ce cikin gurɓatacciyar Hausarsa, wanda wurin nan ya ja a irin wannan rana, sai bayan kwanaki ake tsintarsa a wani gari. Hajiya ta durƙusa ta riƙe kan mijinta.

Nomau ya tsuguna kusa da Alhaji, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Ya ce ya yi haƙuri in ɗaurin ya yi tsauri, ya tambaya ko ya kwance shi yanzu. Alhaji ya damƙe igiyar da hannu biyu.

"Bar ta tukuna," ya ce, muryarsa a shaƙe.

Daga bakin titi direban motar Funtuwa ya danna oda. Tasalla ta dubi mijinta, ba ta roƙe shi ba, don roƙonta ya ƙare tun jiya. Barau na tsaye yana haki, yana kallon igiyar tun daga ƙugun Alhaji har gindin kwakwa. Aka sake danna oda.

"Nomau, je ka sauko da kaya daga motar can."

Nomau ya ce to, ya miƙe ya kama hanya. Bai yi nisa ba Barau ya zabura, ya ɗaga murya yana rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Naka kaɗai. Ƙullin zanen nan. Buhunan mutane ka bar musu abinsu."

Tasalla ta nemi ta yi dariya, sai kuka ya zo mata. Ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen yashi, tana kallon bayan ƙanenta har ya kai bakin titi.