Ranar da Bebiya Ta Yi Magana

A duk faɗin Gombe babu mutumin da lafiyar duniya ta hana shi sukuni kamar Alhaji Bamanga Wakili. Ba ni na ce ba, shi ya ce, kuma ya sa an buga a katinsa da ruwan zinare: Garkuwan Muhalli. Babu wanda ya naɗa shi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga sarautar ba ta da mai ita, ya ɗauka ya aza wa kansa. Mu kuwa mutanen unguwar Malam Inna, da yake ba mu san darajar manya ba, sai muke ce masa Alhaji Ba-Hayaƙi.

Duk wannan ilimi a taron kwana uku ya samo shi, wanda ma'aikatarsu ta tura shi ƙasar waje ana saura wata shida ya yi ritaya. Ya tafi yana mataimakin darakta mai kula da fayiloli, ya dawo yana likitan sararin samaniya. Ya je ruga ya kalli shanun gadonsu, ya girgiza kai, ya ce gyatsarsu ce take ɗumama duniya, ya sayar da rabonsa kaf. Bayan wata huɗu sai ga abin da shanun suka koma ana saukewa daga kan tirela: farar mota mai aiki da lantarki, ba tanki, ba salansa, ba ko ɗan tari. Ya sa aka yi mata lamba ta musamman, MUHALLI 1, don kada wani ya riga shi. Tafiya take shiru kamar kyanwa ta hango kifi. Sau biyu tana kusan taka awakin unguwa, domin akuyar Gombe ba ta matsawa sai ta ji ƙarar inji. Nan take aka raɗa mata suna Bebiya.

Daga ranar Alhaji ya daina gaisawa da mutane, ya koma wayar musu da kai. Ko a wurin ta'aziyya, da an shafa fatiha zai gyara babbar riga ya fara:

“Jama'a, Turai ta gama da fetur. Sin ta gama da fetur. Ku ne kawai kuka rage kuna busa wa jikokinku guba. Ni dai na fita haƙƙin duniya. Ku dube ta can, ko tururi ba ta yi.”

Gaskiya ya faɗa, Bebiya ba ta hayaƙi. Matsalar ɗaya ce, sai ta ci take tafiya, abincinta kuwa wuta. Wutar unguwarmu a shekarun nan kamar baƙo mai sauri take, kafin ka shimfiɗa tabarma ta yi sallama. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Alhaji ya sayo wani ƙaton janareto daga gidan ƙanƙarar da ya rufe, ya girke shi a bayan gida, ya juya bututun ya kalli katangar maƙwabta. Da hantsi za a tayar da shi, ya yi ta ruri yana kwankwaɗar gas har la'asar. Farin zanen da aka shanya a layinmu kan koma ruwan toka kafin ya bushe. Tunda shi yake shayar da motar, sai muka sa masa Uwar Bebiya.

Wani dattijo ya taɓa yi masa ƙorafi a ƙofar masallaci. Alhaji ya dube shi da tausayi irin na masu ilimi.

“Malam, ka bambance. Mota daban, inji daban. Motata ba ta hayaƙi. Abin da injin yake yi kuwa, wannan matsala ce ta wucin gadi.”

Maganin matsalar shi ne farantan sola, waɗanda za su tatso wa Bebiya wuta daga rana. Ya yanke shawarar gina mata rumfa a ƙofar gida, a jera farantan a sama. Masu aikin suka zo suka auna, suka ce wurin ya yi, sai dai inuwa ta yi yawa. Inuwar kuwa ta tsamiyar da ke ƙofar gidan ce.

Mahaifinsu, wanda suke kira Baffa, shi ne ya dasa tsamiyar nan da hannunsa a shekarar da aka haifi Adda Asta, yayar Alhaji. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, a gindinta take wuni da ƙwaryar nono da faifan fura. Nan matan layi suke tsefe kai. Nan matan da rikici ya koro daga garuruwansu suke zuwa su zauna, wani lokaci ba don su sayi komai ba, don dai su samu inda za a tambaye su ya gajiya. Sai dai a rabon gado ƙofar gida a ɓangaren Alhaji ta faɗo.

“Bamanga,” in ji Adda Asta, “shanun Baffa ka sayar ban ce uffan ba. Ita ma tsamiyar gyatsa take yi?”

“Adda, ba za ki gane ba. Bishiya ɗaya ce za ta tafi don a ceci dazuzzukan duniya.”

“To dazuzzukan duniya su zo su yi mini inuwa.”

Ta faɗa da dariya, amma da ya shige gida na ga tana share ido da bakin mayafi, kuma abin ya ƙona mini rai. Alhaji ya kira Shafi'u mai injin yankan itace, suka tsayar da ranar Asabar da safe.

Ranar Alhamis aka tsara za ta zama ranar ɗaukakar Garkuwa. Da safe wata 'yar jarida mai suna Lois za ta zo gida daga gidan rediyo ta yi hira da shi, da azahar kuma zai shiga da Bebiya gaban direbobin Kasuwar Gombe ya yi musu lacca. Ranar Laraba ya zagaye ta'aziyya huɗu da suna biyu don a san da zuwan laccar, Bebiya ta dawo cikinta wayam. Ya kamata ranar Alhamis ɗin ta yi ta shan wuta har azahar. Amma yaya za a yi 'yar jarida ta zo gidan Ba-Hayaƙi ta tarar da Uwar Bebiya tana aman baƙi? Injin bai yi rabin awa da tashi ba Alhaji ya kashe shi, ya lulluɓe shi da tabarma, ya sa aka turara tsakar gida.

Lois ta tambaye shi ko motar kan mutu a hanya. Alhaji ya yi dariyar manya.

“'Yata, motocin fetur ne suke mutuwa. Ki rubuta, ki kuma watsa: ranar da aka ga motar nan ta tsaya a titi, ranar na ajiye hulata.”

Lois ta ce za ta biya ofis, su haɗu a wurin laccar.

Tun a hanya wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa take ƙyaftawa a gaban sitiyari. Alhaji ya gan ta, ya ɗauke kai, irin yadda yake yi wa talakan da ya gaishe shi. Saura ɗan taƙi a kai ƙofar kasuwa Bebiya ta fara jan ƙafa, ta gangara gefen titi, ta tsaya. Da ma ba ta magana, don haka ba wanda ya lura ta mutu. Ga 'yan dako nan birjik, da ya ɗaga hannu da sun tura ta. Amma Garkuwan Muhalli, a tura shi a gaban kasuwa, da bakinsa na safe bai bushe ba? Ya fito a hankali, ya buɗe but, ya zaro rigar motar mai ruwan toka ya rufe ta ruf har lamba. A gaggauce ya bar igiyar cajin tana reto ta ƙasa. Ya tsare Keke Napep ya nufi gida, da niyyar ɗauko Uwar Bebiya a bayan a-kori-kura ya shayar da 'yarta a asirce.

Abin da mai ilimin ya manta, kowane mai tallan ruwa ya san shi. A shekarun nan ba a barin mota a bakin kasuwa a tafi. Garin ya ga abin da ya gani, kuma akwai gidajen da har yau ba su daina kuka ba. Wani ɗan sintirin kasuwa ya hango mota a lulluɓe ba mai ita. Ya zo da madubinsa mai dogon sanda ya leƙa ƙarƙashinta, yadda aka koya masa. Bai ga tanki ba, bai ga salansa ba. Abin da ya gani shi ne shimfiɗaɗɗen ƙarfe, da wayoyi masu kauri, da igiya tana lilo, ga kuma wani abu a ciki yana ƙit, ƙit, ƙit. Ya ajiye madubin a hankali, ya ɗiba a guje.

Cikin minti biyar kasuwa ta watse. Mai tumatir ya bar tumatir, mahauci ya bar nama a kan tebur, wata uwa ta yi ta kiran sunan 'yarta har muryarta ta dushe kafin a haɗa su. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, kuma ban ga laifin ko mutum ɗaya da ya gudu ba.

Da Alhaji ya dawo, ya tarar an ja igiya an tare titi, jami'an kwance bam suna jera buhunan yashi. Ya sa mai a-kori-kurar ya laɓe da injin a wani lungu, shi kuma ya kutsa cikin taro. Bai ankara ba sai ya ji murya a gefensa.

“Yallaɓai, sannu! Allah Ya tsare, ba ka kusa. Ina motar?”

Lois ce, da na'urarta a kunne. Alhaji ya ƙaƙalo murmushi.

“Na bar ta a gida tana hutawa. Ban so jama'a su yi mata yawa.”

Sai lasifika ta ɗauka: duk wanda ya san shi ne mai motar nan ya fito. Aka faɗa da Hausa, aka faɗa da Fulatanci, aka faɗa da Turanci. Sau uku ana zagayowa. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi na'urar Lois, ya taɓa hularsa, ya rufe bakin. Har ya samu ƙarfin halin cewa, “Wasu mutane dai ba su da lissafi.”

Jami'an suka dasa wa motar tasu nakiyar don su tarwatsa abin da suke zargi, aka ce kowa ya ƙara ja da baya. Can sai Bebiya ta yi magana, karo na farko kuma na ƙarshe, har tantabarun kasuwa suka tashi gaba ɗaya. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma hayaƙin! Baƙi ƙirin, mai kauri, mai ɗaci a maƙogwaro, ya miƙe sama har mutanen unguwar Hammadu Kafi suka fito suna nuni. 'Yan kwana-kwana suka juye ruwansu, batirin ya lafa, suna naɗe tiyo ya sake kamawa. Duk hayaƙin da ta ƙi yi a wata takwas, a yammacin nan ta fitar da shi, har da na shekaru masu zuwa.

Ana cikin haka wani ɗan sanda ya tsinto wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya faɗo kusa da igiya, ya goge shi da hannun riga. Lois ta leƙa, ta karanta da ƙarfi, na'ura tana ɗauka: “MUHALLI 1.” Sai aka juyo ana kallon hula.

Tambayoyin da aka yi wa Garkuwa a ofishin jami'an tsaro ba su ƙare ba sai bayan sallar Juma'a, kuma ba a sake shi ba sai da wani babba a gidansu ya zo ya tsaya masa. Babban da aka samu kuwa Adda Asta ce. Ta dangwala yatsa a takarda, ta ce musu, “Ƙanena ne. Ba mugu ba ne, boko ne ya yi masa yawa.”

Ranar Asabar da safe Shafi'u ya iso da injinsa a kafaɗa, kamar yadda aka yi alkawari. Ya tarar da masu jaje sun cika ƙofar gida, zaure ya kasa ɗaukarsu, rana kuma ta fara zafi, duk an taru a inuwa ɗaya da ke layin. A tsakiyarsu ga Alhaji zaune a gindin tsamiya, kansa ba hula.

“Ranka ya daɗe,” in ji Shafi'u, “ta wane reshe zan fara?”

Alhaji ya dubi inda aka auna za a yi rumfar motar da babu ita, ya dubi jama'a, ya ga taro ya samu. Ya gyara murya.

“Kai, ajiye wannan abin! Ba ka san bishiya ita ce huhun duniya ba? Muddin ina raye, ni Garkuwan Muhalli, babu mai taɓa tsamiyar nan. Jama'a ku shaida, yau na ceto...”

“Mun shaida,” in ji Adda Asta, tana jan wani abu daga ƙarƙashin rigarsa. “Ɗan ɗaga, Bamanga, a kan faifaina ka zauna.”