Yaƙin Cindo da Fendin

Wannan waƙi'ar Cindo ce ɗan Gwadabe, jikan Barmo mai awon gero, wanda tun kakanni zuriyarsu ba ta san makara ba. Agogo sarkin aiki, gagara fashi, bangon sito na kamfanin casar shinkafa, mai shekara goma sha tara cur a bakin aiki sunansa bai taɓa shiga layin 'yan fashin aiki ba. Saura shekara guda a rataya hotonsa a bangon ofis, kuma wallahi ya fi son hoton nan a kan abincin rana.

To, a zamaninsa ne aka kawo na'urar dangwale. Kowa ya sa yatsa da safe, ya sa da yamma, ƙarshen mako katinsa na zuwa aiki da ke cikin waya ya tafi wurin manya a amince, ya zama kore. Katin da bai yi kore ba kafin azahar ɗin Juma'a, an rubuta mai shi bai zo ba.

Da hantsin wata Juma'a Cindo yana tafe wurin aiki ya duba wayarsa, sai ya ga katinsa rawaya, a ƙarƙashinsa kalma guda: Fendin. Nan take jinin Barmo ya motsa. Bai san mutumin ba, amma ya tabbata wani sabon ma'aikaci ne aka ɗauko musamman don ya taka masa tarihi.

Ya ɗaura ɗamarar shaja'a, ya karkata hula, ya keta ƙofar kamfani kamar an jefo shi, ya auka ofishin kuɗi, ya ratsa ɗakin injina inda ƙaiƙayi ya yi masa rawani, ya haura bene hawa biyu da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa ta, yana nishi yana kirari: "Ina Fendin? Ya fito, ga maza!" Direbobi suka rantse ba su san shi ba. Mai shayin bakin get, da ba ya so a ce akwai abin da bai sani ba, ya ce kamar ya ga mutumin jiya da jar mota.

Daga ƙarshe gwarzon ya yada zango a gaban teburin Malama Uwani ta ofishin ma'aikata, tana cin gyaɗa.

"Baba Cindo, Fendin ai ba mutum ba ne. Ana jira ke nan. Katinka na gaban manaja, bai duba ba tukuna."

Ta ɗaga waya, ta yi magana da ba ta kai ta gaisuwa ba, katin ya koma kore. Mayaƙin ya gyara tsayuwa, ya yi hamdala, ya ce dama ya san ƙarya ba ta daɗewa. Har ya juya zai fita da ƙasaitar wanda ya ci gari, sai Uwani ta ƙura wa kwamfuta ido.

"Baba, yau da ka shigo ka dangwala kuwa?"

Cindo ya dubi babban yatsansa, ya daɗe yana dubansa.

"An rufe na safe tun ƙarfe tara," in ji ta. "Na yau ya fito ja, fashi ke nan. Ga gyaɗa."