Yadda Ake Haure Kwandon Laddu

Daren Talata na ji wani gum-gum ta bayan katanga, kamar ana dukan cikin saniya. Ashe ganga ce a gidan ƙanena Inayat. An fara waƙoƙin bikin 'yarsa Nighat, ni babban wa ba a fara sanar da ni ba. Na jawo ƙamus ɗina na Turanci, wanda gara ta ci rabinsa, na tsinci kalmar da ta dace: spurn. Wannan ba ƙi irin na talaka ba ne. Ƙi ne da ƙafa, hanci a sama. Bi matakan nan, na rantse duk Multan ba mai sake raina ka.

1. Zaɓi abin da ranka ke so

Ko kare yana ƙin ruɓaɓɓen ƙashi, ba a yaba masa. Ni ne zan riƙe wa Nighat Alƙur'ani bisa kai ranar da za a tafi da ita Karachi, yarinyar da na goya a wuya. Irin wannan ake haurewa.

2. Zuwan farko

Ƙanenka zai zo gayyata da kwandon laddu, alawar biki. Kada ka taɓa. In ya ce, "Yaya, a yi haƙuri," ka ce, "Au, ashe ina raye?" Sai ka koma kallon tantabaru.

3. Zuwa na biyu

Mata za a turo, za su yi kuka. Tawa, Sughra, cewa ta yi, "Kai tsoho, wannan hanci naka ko da tsani ba a kai masa." Rabu da ita, ba ta taɓa buɗe ƙamus ba.

4. Zuwa na uku

Nan ƙananan mutane ke faɗuwa. Ka san al'ada: ƙane ya tuɓe rawani ya ajiye a ƙafarka, kai ka ɗauka ka naɗa masa, a rungume, a ci laddu. Inayat ya ajiye nasa. Ƙamus ya ce ƙafa. Na ture shi da babban yatsa, kaɗan kawai. Ya ɗauka, ya kaɗe, ya fita.

5. Jira na huɗu

Goge farar rigarka, sa wa gemu lalle, sannan ka danna sakata ka koma ƙuryar ɗaki. Mai daraja sai an ƙwanƙwasa masa. In ba su zo ba, jahilai ne.

Gargaɗi: na ba ka kalma ne kawai, ƙafar taka ce. Duk abin da ya biyo baya, ka nemi Bature mai kalmar. Ni ma ba ni amsa wa kowa, har maƙwabciyarmu Bibi Hajran, wadda ta leƙo ta kan katanga ranar Lahadi da la'asar ta same mu zaune jugum, ni da gogaggiyar rigata.

"Sughra, motar amarya ta daɗe tsaye a ƙofarku, yarinyar sai leƙe take ta taga. Wai ba kwa gida ne?"