Rakiya da Gida Sukutum

Wani ne a nan Libreville, ku bar sunansa kawai, zaman gidan haya ya ishe shi. Sai ya sayi irin motar nan ta Turawa mai gado da murhun gaz da ɗan banɗaki a ciki, ya tare. Turare yake sayarwa. Yau yana Lambaréné, jibi Oyem, gata ya dawo ya faka a bakin teku. Da farko har da cika baki, wai duk garin nan shi da kunkuru ne kaɗai ke yawo da gidajensu.

Ba a yi wata biyu ba kaɗaici ya fara cin sa. Yo wa zai ziyarci mutumin da gidansa ba ya kwana inda ya wuni? Abin har ya kai in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a ƙofar motar ya yi sallama, ya faɗa ciki da gudu ya amsa wa kansa, har da lale marhabin. In ya dafa shinkafa, tukunyar gaz yake yi wa bismilla. Ku kuna dariya, shi kuwa bawan Allah abin na ci masa rai ƙwarai.

Ran nan a kasuwar Awendjé ya riƙe hannun wani dattijo ɗan Garoua mai sayar da atamfa, Malam Bouba, mutum mai kunya da kara.

"Baba, don girman Allah ka zo gidana mu ci abinci."

"Ina ne gidan, ɗana?"

"Ga shi can bayan mai gasa kifi. Mu yi sauri kafin a ce in matsar da shi."

Malam Bouba ya bi shi. Suka ci shinkafa da miyar gyaɗa, mutumin naku ya juye masa hirar wata biyu ba ko numfashi. Bayan azahar dattijo ya ce zai tafi gida. Mutumin kuwa ya san daga an rufe ƙofa sai shi sai tukunyar gaz.

"Baba, ai baƙo ba ya tafiya babu rakiya. Yi zamanka."

Sai ya murɗa makulli, mota ta tashi.

"Kai! Me kake yi?"

"Rakiya."

"Da gidan?"

"To in na bar shi wa zai tsare min?"

Haka suka kutsa lungunan unguwar Derrière la Prison, tukwane na ƙara, har ya tsaya daf da ƙofar Malam Bouba. Tsakanin mota da gida taku uku ne cif. Dattijo ya sauka, kara ta sa ya ce, "Ka zo har ƙofata, shigo ka sha ruwa." Ya shiga, matar gidan, Mairamou, ta kawo ruwa. Da ya miƙe, Malam Bouba ya taka masa, taku uku.

"To ɗana, Allah ya huta gajiya."

"Haba Baba! Ka zo har ƙofar gidana ka juya? Me mutane za su ce?"

Dattijo ya shiga. Aka dafa shayi. Da aka shanye, mutumin ya rako shi, taku uku. Malam Bouba da bakinsa ya saba, sai ya suɓuce: "Ba ka shigo ba?" Kafin ya rufe baki gogan naku ya riga ya tuɓe takalmi.

Jama'a, haka fa aka dinga yi. Ruwa, rakiya, shayi, rakiya. Masu taksi sun cunkushe a lungu suna ta hon, maƙwabta sun fito da benci suna kallo. A zagaye na biyar Malam Bouba ya yi dabara, ya tsaya daga cikin ƙofa yana ɗaga hannu. Mutumin ya langaɓe kai.

"Allah sarki. Yau ni aka sallama kamar akuya, ko taku ɗaya babu."

Kunya ta kama dattijo, ya sake fitowa. Taku uku, ƙofar mota, shayi.

La'asar ta yi sakaliya. Mairamou ta kawo ruwa sau bakwai, shagon atamfa na rufe tun rana, haƙurinta ya ƙare. Ta yafa mayafi ta fito da ludayi a hannu. Ta leƙa motar, ta ga mijinta zaune a bakin gado, ido ya yi ja, ciki ya cika da shayi, mutumin kuwa yana ɗora wata butar yana ba da labarin hanyar Oyem.

"Kai ɗan nan, ba ka da kunya ne? Tun azahar! Ka tattara ka tafi gida mana!"

Mutumin ya waiwayo da buta a hannu.

"In tafi ina, Inna? Ni ina gidana zaune. Mijinki ne baƙon da ya ƙi tafiya."