Ranar da Na Ɗauki Surukina a Motar Lantarki

Ni da bakina na rantse wa surukina, Baba Iliyasu, cewa sabuwar motata mai aiki da lantarki za ta kai shi Agadas daga Arlit kafin jirgin Yamai ya tashi. Aikin ido za a yi masa. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce mini akwai wurin caji a hanya, ni kuwa ban ƙara tambaya ba.

Rairayi da ramuka suka shanye batir tun ba mu yi nisa ba. Na kashe sanyin mota, gumi yana tsiyaya, idona a kan allon da ke nuna ragowar caji.

"Lafiya dai?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba," na amsa.

Da ƙyar muka kai rumfar cajin. Dattijon da ke wurin ya dubi motar, ya dubi ɗan farantin hasken ranarsa, ya ce, "Salula nawa za a sa muku?"

Baba ya samu jirginsa, amma a bayan motar awaki ya isa Agadas. Har yau in na je gaishe shi, sai ya miƙo mini cajar salularsa, ya ce, "Ungo, kada ka kwana a hanya."